Ido Ba Ya Zuwa Aike

Idan aka ɗauke wuta da dare a unguwa, ka kasa kunne ka ji yara. Wani zai ce da ƙaninsa ya ware ido sosai ya nemo ashana. Wani zai ce ai da kyanwa ce da tuni ta gani, ita idonta da wuta. Autarsu kuwa, in aka ce a yi wasan ɓuya, sai ta tsaya a tsakar gida ta sa tafin hannu ta rufe fuska, ita a dole ta ɓace. Manya su yi dariya su wuce. Amma da za a zaunar da manyan nan a ce kowa ya faɗi yadda ake yi mutum ya ga abu, da dariyar ta ragu, domin amsar da yawancinmu muka ɗauka tun muna 'yan shekara biyar ita ce dai a kanmu har yau, gemu kawai ta tsirar.

Amsar kuwa ita ce wai wani abu yana fita daga ido, ya je ya taɓo abin da ake kallo. A wurin yaro ido ɗan aike ne: ka tura shi kan bishiya ya gano maka mangwaro, ka tura shi bakin titi ya gano maka mai rake. In duhu ya yi, to ɗan aiken ne ya kasa samun hanya, sai a ƙara masa ƙarfi da zare ido.

Ido bai taɓa zuwa ko nan da can ba. Zaure ne. Duk wanda ya tashi a tsohon gida a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san yadda zaure yake aiki. Maigida yana can ciki. Baƙo ne zai tako ya zo, ya shigo ta ƙofa, ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa, sannan yaro ya ruga ciki ya ce ga wane ya zo da magana kaza. Baƙin da ke zuwa zauren ido haske ne. Haske ya taso daga rana ko daga fitila ya sauka a kan tulu, tulun ya shanye wani ya dawo da wani, abin da ya dawo da shi ne yake shigowa ta ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido. Ɗigon ba fenti ba ne, kafa ce, ƙofa ce a buɗe. Abin da ya sa ake ganinsa baƙi ƙirin shi ne abin da ya sa ƙofar zaure take baƙi in ka hango ta daga titi da tsakar rana: hasken da ya shiga ba ya fitowa. Ƙofar nan tana tsukewa ta koma kamar milimita 2 in rana ta take, tana buɗewa har kusan milimita 8 in duhu ya yi. A bayanta akwai wata ƙwaya garau wadda ke tattara hasken, sai kuma can jikin bangon baya, inda aka shimfiɗa wani siririn tantani mai ɗauke da ƙwayoyin halitta fiye da miliyan 100 masu jin saukar haske. Wannan ita ce tabarmar. Daga nan jijiyar gani ta kwashi saƙo ta kai wa ƙwaƙwalwa, maigidan da ko sau ɗaya bai taɓa leƙo waje ba, amma shi ke yanke hukuncin cewa wancan tulu ne, wannan akuya ce.

Ba yaran Hausawa kaɗai ke juya lamarin ba. Jean Piaget, masanin tunanin yara na ƙasar Suwizalan, ya yi ta zama da yara a shekarun 1920 yana tambayarsu yadda suka ɗauki duniya, ya tarar da yawansu sun ɗauka kallo abu ne da ke fita daga ido. Har ya kawo labarin wani yaro da ya tambayi mahaifinsa me ya sa kallonsu ba ya cakuɗewa in ya haɗu a hanya. Tambaya ce mai kyau, in har ido aike yake zuwa, ai 'yan aike biyu za su yi karo a soro.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na manya. A shekarun 1990, Gerald Winer da Jane Cottrell na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka suka riƙa nuna wa ɗaliban jami'a hoton fuska da wani abu a gabanta a kwamfuta, da ɗige-ɗige masu motsi: a wani hoton suna tafiya daga abin zuwa ido, a wani daga ido zuwa abin, a wani kuma suna kai da komo. Sai a ce ɗalibi ya zaɓi wanda ya nuna yadda gani yake. Ɗalibai masu yawan gaske suka zaɓi hotunan da wani abu ke fita daga ido, alhali duk sun yi darasin ido a makaranta. Da aka koya musu daidai sai suka gyara, bayan 'yan watanni da aka sake gwada su, da yawa sun koma gidan jiya. A 2002 masu binciken suka wallafa taƙaitaccen bayanin aikin nasu. Ni abin da na fahimta shi ne, darasin aji bai kori tsohon tunanin ba, sun dai zauna tare ne a kai ɗaya, ɗaya don jarrabawa, ɗaya don rayuwa.

Kuma bai kamata a raina wa yaro hankali ba, don manyan malaman duniya sun fi shekara dubu a kan ra'ayinsa. Aflatun ya ce akwai wata lallausar wuta a cikin ido wadda ke fita ta haɗu da hasken rana. Yuklid, mai lissafin nan na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina ilminsa na gani a kan layuka miƙaƙƙu da ke fita daga ido. Batlamus ya bi shi. Jalinus, likitan da aka yi ƙarnoni ana karanta littattafansa, ya ce wani ruhi ne ke bi ta jijiya ya fito. Alkindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya kare ra'ayin da hujjoji. Dalilinsu ba na wasa ba ne. Mutum yana jin cewa shi ne yake kallo: shi ke juya kai, shi ke zaɓar abin da zai duba, shi ke ƙura ido in yana son ya gani da kyau. Aikin da kake jin kai ne kake yi, da wuya a ce maka kai zama kawai ka yi ana kawo maka. (Ba maganar kambun baka nake yi ba, wannan fagen malamai ne. Maganar haske nake yi.)

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra a 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi sun rawaito cewa ya yi wa halifa Alhakim na daular Faɗimiyya alkawarin zai iya daidaita ambaliyar Kogin Nilu. Da ya je kudu wajen Aswan ya ga girman ruwan sai ya san ya ɗebo da zafi, ya kuma san halin halifan, sai ya ƙirƙiri hauka. Aka tsare shi a gida har zuwa 1021. A tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i bakwai, a kan haske da gani. Hujjarsa ta farko kowace uwa ta san ta: ka kalli rana, idonka ya yi zafi. In ido ne ke aikawa, me ya shigo ya ƙona shi? Ka daɗe kana kallon abu mai haske sannan ka rufe ido, za ka ci gaba da ganin fatalwarsa. Baƙo ne ya tashi ya bar ɗuminsa a tabarma.

Bai tsaya ga magana ba. Ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu wanda ke da ƙaramar kafa guda, sai ga ɗigon haske a bangon ciki, kowace fitila da nata, kowanne a ɓangaren da ke kishiyar fitilarsa. Ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta ya ɓace, sauran suna nan. Ya buɗe, ya dawo. Wato haske a miƙe yake tafiya, kuma baƙi da yawa suna iya shiga ta ƙofa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Amsar tambayar yaron Piaget ke nan, an ba da ita shekaru ɗari tara kafin a haife shi. Wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗakin ƙasa mai ƙyauren langa-langa da ƙusa ta huda ya ga wannan da idonsa: inuwar masu wucewa tana tafiya a bango, ƙafa a sama kai a ƙasa, mai tafiya gabas ya bayyana yana yamma. Yara da yawa sun sha tsorata da wannan suna cewa aljanu ne. An fassara littafin Ibnul Haisam zuwa Latin wajen shekarar 1200, Turawa suka yi ƙarnoni suna karatu a kansa, kuma a 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar don haske, cikar littafin shekara dubu na cikin abin da aka yi biki a kai.

Shi ma bai gama ba. Ya ɗauka ƙwayar nan garau ta gaba ita ce mai jin haske. Sai a 1604 Johannes Kepler, Bajamushe masanin taurari, ya nuna cewa hoton a bangon baya yake sauka, kuma a kife. Bayansa wani malamin coci, Christoph Scheiner, ya ɗauki idon sa da aka yanka, ya kankare bayansa har ya yi shara-shara, ya ɗaga shi ga haske, sai ga ɗan ƙaramin hoton abin da ke gaba, kai a ƙasa. Malaman kimiyya na firamare da sakandare da ke kukan rashin kayan gwaji, ga shi nan a banza: duk Babbar Sallah ana zubar da idanun raguna da shanu, kuma mahauci ba zai hana ka ido ɗaya ba ko a ranar kasuwa.

Sai yaro ya ce, to me ya sa ba ma ganin mutane a kife? Saboda maigida ba ya zuwa zaure ya duba yadda baƙi suka zauna. Saƙo ake kai masa, kuma tun yana jariri ya saba cewa wanda ya zauna a gefen sama na tabarma daga ƙasa ya fito. Akwai ma wani wuri a tabarmar da ba a shimfiɗa komai ba, daidai inda jijiyar gani ta huda bango ta shige ciki, ƙofar cikin gida ke nan, ba a zama a bakinta. Duk hasken da ya sauka a nan ya faɗi a banza. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano wannan a shekarun 1660. Gwada da kanka: zana ɗigo biyu a takarda, tazarar yatsu huɗu tsakaninsu. Rufe idon hagu, ka ƙura wa ɗigon hagu idon dama, ka riƙa matso da takardar a hankali daga tsawon hannu. Akwai inda za ka kai ɗigon dama ya ɓace ɓat, ka ga takarda fara fes. Ba rami ka gani ba, fari ka gani, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da take zato. Kowa da wannan makanta yake yawo, a kowane ido, bai kuwa sani ba. An ce gani ya kori ji, amma shi kansa ganin ji ne, labari ne aka kai ciki.

Kyanwa fa? Ita ce babbar shaidar yara, har da manya. Idonta ba wuta. A bayan tabarmarta akwai wani shafi mai ƙyalli da ke mayar da haske, don baƙon da ya wuce ba a tare shi ba ya sake bi ta kan tabarmar karo na biyu. Shi ya sa ɗan haske kaɗan ya ishe ta farauta, shi ya sa kuma in ka haske ta da tocila kake ganin idon yana ci. Hasken tocilarka ne ya dawo maka. Haka idon kare da na akuya da na saniya in fitilar mota ta haske su a hanya. Ka sa kyanwa a ɗakin da ba ko ɗigon haske, idonta ba zai yi ƙyalli ba, kuma ita da kai duk lalube za ku yi. Shi kuwa wanda aka ce ya ware ido ya nemo ashana, ba zare idon ne zai taimake shi ba, haƙuri ne. Ƙwayoyin da ke aikin dare suna ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin su kai ƙarshen ƙarfinsu, shi ya sa ɗakin da ya yi maka baƙi ƙirin da aka ɗauke wuta, can an jima sai ka fara rarrabe gado da kujera.

Ita kuma mai rufe fuska ta ce ta ɓuya, an daɗe ana cewa wauta ce ta ƙuruciya, wai tana zaton tun da ba ta gani kowa ma ba ya gani. A 2012 James Russell da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka bi lamarin da 'yan shekara 3 da 4, suka tarar ya fi haka zurfi. Yaran sun yarda ana ganin jikinsu, kansu da hannunsu da ƙafarsu. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne ana ganin su. A wurinsu, sai ido ya haɗu da ido ne mutum ya ga mutum. In an rufe zaure, gida yana nan a titi kowa yana ganin katangarsa, amma ba a ga maigida ba. Wannan kam ban kira shi kuskure gaba ɗaya ba. Mu da muka tashi ana koya mana sunkuyar da kai a gaban surukai da iyaye, ai mun san akwai abin da ke wucewa tsakanin mutum biyu in ido ya haɗu, ko da ba haske ba ne.

Wata da ke bin yaro duk inda ya je, wannan mai sauƙi ne. Yana nesa da mu da kilomita kusan 384,000. In kana tafiya, bishiya da gida suna canza wurin zama a tabarmar ido saboda suna kusa, shi kuwa daga nisan da ya fito, tafiyarka daga Kano zuwa Katsina ma ba ta isa ta gusar da shi ba.

Duk waɗannan ba su cutar da kowa. Yaro ya girma ya bar su, ko ya riƙe su ya mutu da su lafiya lau. Akwai kuwa waɗanda ke girma tare da mutum su ci masa ido, kuma tushensu ɗaya da na farkon.

Ɗauki Afolo. A 1969 wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓarke a Gana, ido ya yi ja jawur, ya kumbura, ya riƙa ruwa. Ya zo daidai da lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya sauke mutane a duniyar wata a watan Yulin shekarar, sai jama'a suka liƙa masa sunan, kafin a daɗe ya bazu zuwa Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Har gobe, in Afolo ya shiga makaranta, za ka ga yara suna kawar da kai daga mai ciwon, wai in ka kalli idonsa ka ɗauka. Malamai ma suna yi. Shi kuma mai ciwon ya sa baƙin tabarau, kowa ya saki jiki, a ci abinci kwano ɗaya, a yi musabaha, a goge fuska da tawul ɗaya. Ƙwayar cutar bairos ce, kuma ba ta da fiffike. Ba ta tsallake titi daga wannan zaure zuwa wancan don an buɗe ƙofofi suna kallon juna. Hannu ne ke kai ta: mai ciwo ya murza ido, ya kama buta ko marfin ƙofa ko waya, wani ya kama bayansa ya sosa nasa idon. Tsinken kwalli da mata ke karɓa hannu da hannu, da matashin kai, da mayafi, duk jakadunta ne. Tabarau yana da amfani, yana rage wa mai ciwo zafin haske, yana ɗan hana shi kai hannu ido. Amma mai tsare sauran mutanen gida sabulu ne da ruwa. Muna gudun abin da ba ya kawo cutar, muna rungumar abin da ke kawo ta.

Kuma Afolo yawanci da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ke makantar da mutane shi ne abin da ake ɗurawa a idon: ruwan batir, fitsari, ruwan albasa, ruwan sukari, tsimin ganye, da maganin ɗigawa da aka saya a kemis ba tare da likita ya duba ba, wanda wani irinsa in an daɗe ana sa shi yana jawo hawan jinin ido. Gaban ido fata ce garau wadda kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗan wani abu ba. In ta ƙone ta yi tabo fari, ƙofa ta toshe ke nan, ko da tabarma da maigida duk suna nan lafiya.

Sai kuma tatsuniyar da kusan kowane yaro ya ji: wai a asibiti likita yana ƙwaƙulo ido ya ajiye a faranti, ya wanke shi tas ya mayar. Yaro ya ji ya yi dariya ko ya tsorata. Bayan shekara sittin, yana ta rufe masa ido, an ce ya je a yi masa aiki, sai labarin farantin ya dawo masa, ya ce Allah ya kiyaye. Ba a cire ido a mayar. Jijiyar gani tana riƙe da shi ta baya, in aka yanke ta ba ta ɗinkuwa. Yanar ido kuma ba wani abu ba ne da ya tsiro a kan ido a goge shi. Ƙwayar nan garau ta bayan ƙofa ce ta yi hazo saboda shekaru, ko ciwon sukari, ko bugu. Likita yana ɗan tsaga gefen ido, ya fitar da ita, ya sa ta roba a gurbinta, ido yana zaune a mazauninsa, mutum a farke, aikin sau da yawa bai kai rabin awa ba. Tun 1949 Harold Ridley ya fara sa irin wannan ƙwayar a Landan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce kan gaba wajen jawo hakan, wajen kashi 43 cikin 100. Ya kuma nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, ba a asibiti aka yi ba, masu bin ƙauyuka ne suka soka tsinke suka tura ƙwayar ta faɗa cikin ido, kuma yawancin waɗannan idanu ba su samu gani mai kyau ba. Mutum ya guji farantin da babu shi, ya miƙa ido ga tsinken da ke akwai. Alhali ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga sassan ido a asibitocin koyarwa.

Sauran gargaɗin da aka rene mu da su ba sa buƙatar dogon bayani. Karatu a hasken aci-balbal yana gajiyar da ido, ba ya lalata shi. Zama kusa da talabijin ya samo tsoronsa ne daga 1967, lokacin da aka gano wasu akwatuna masu launi na kamfanin General Electric a Amurka suna fitar da tururin da ya wuce ƙima, aka janye su aka gyara. Yau in yaro ya nace sai ya manne da allo, maimakon duka a kai shi a auna idonsa, mai yiwuwa daga nesa ba ya gani ne. Tabarau ba ya raunana ido, ido ba jijiyar hannu ba ce da za ta saki don an taimaka mata. Wanda ya saba da gani garau ne kawai ya daina yarda da dishi-dishi. Na sha ganin iyaye sun hana yarinya tabarau don kada a ce ƙaramar yarinya da gilashi, ta ƙare firamare tana kwafar rubutun allo daga littafin ta kusa da ita, ana ce mata daƙiƙiya.

Karas kuma yana da rabin gaskiya. Gwamnatin Ingila ce ta kambama shi a Yaƙin Duniya na Biyu, tana cewa matuƙan jiragenta karas suke ci shi ya sa suke harbo jiragen Jamus da dare, alhali sabuwar na'urar hango jirgi suke da ita. Karas ba zai ba mai lafiya ganin kyanwa ba. Amma ƙwayoyin aikin dare ba sa aiki sai da sinadarin bitamin A, kuma yaron da ya rasa shi yana kamuwa da dundumi: da magariba ta yi sai ya nemi wuri ya zauna, ko ya riƙa tuntuɓe da kwanuka. Hanta, ƙwai, manja, zogale, gwanda, mangwaro da karas ɗin duk suna da shi. Ƙyanda tana ƙwashe shi daga jikin yaro, shi ya sa take barin wasu da makanta. Ɗan jan ƙwanson nan da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a baki sau biyu a shekara, shi ne.

Abu biyu nake so iyaye su riƙe, don su ne ba sa jira. Na farko, yaron da idonsa ɗaya ya karkace, ba don ya yi wasan harare-harare iska ta buso ba ne, kuma ba lallai ya miƙe da kansa ba. In saƙon zaure biyu ya saɓa, maigida yakan daina sauraron ɗaya, idon ya zauna lafiyayye amma ba ya gani sosai. Ana gyara wannan da tabarau ko da rufe mai ƙarfin na wasu sa'o'i a rana, amma gyaran ya fi ci kafin yaro ya kai shekara 7 ko 8. Na biyu, idon ɗan Adam ba ya ƙyalli irin na kyanwa. In ka ga ɗigon tsakiyar idon jariri ko ƙaramin yaro ya yi fari, ko yana walƙiya da dare, ko ya fito fari a hoton waya alhali ɗayan bai yi ba, wannan ba baiwa ba ce, ba kuma aikin iska ba ne. Yana iya zama yanar da aka haife shi da ita, yana iya zama kansar ido ta yara, wadda ake warkewa daga gare ta in an kama ta da wuri, take kuma kisa in an bar ta. Kada a ɗiga masa komai, kada a jira a yaye shi. A kai shi wurin likitan ido a makon.